Hanta Ba Ta Kai Ƙara

'Ya'yana, samari da 'yan mata, idan Babbar Sallah ta zo aka kayar da ragon layya, kada ku tsaya can nesa kuna jiran a miƙo muku gasasshe. Ku matso kusa da mai fiɗa ku kalli hannunsa sa'ad da ya fito da kayan ciki. Tumbi da hanji yakan tura su cikin daro ba wani dogon nazari. Amma in ya zo kan hanta sai ya dakata. Zai ɗaga ta, ya juya ta, ya shafa bayanta da yatsa, ya nemo 'yar koriyar jakar nan da ke manne a ƙarƙashinta, wato madaciya, ya cire ta a hankali don kada ta fashe ta ɓata naman da ɗaci. Lafiyayyar hanta sumul take, ja mai duhu, tana sheƙi, bakinta siriri, wuƙa na shigarta ba gardama. In kuwa ya ga fararen ɗigo-ɗigo, ko ya ji wuƙar na gurza, ko ya tsaga ya tarar da tsutsotsi masu faɗi a magudananta, zai gaya wa maigida cewa dabbar nan ta daɗe da ciwo. Alhali jiya-jiya ragon yake tunkuyi a turke, maƙwabta na yaba ƙibarsa.

Ku ɗora tafin hannu a kan haƙarƙarinku na ƙasa, ɓangaren dama. Taku tana nan, ɓoye bayan ƙasusuwan. A jikin baligi nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuma duk kayan ciki babu wanda ya kai ta girma. A kowane minti jini kusan lita 1.5 ne ke ratsa ta, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zuciya ke bugowa, don haka Bahaushen da ya ce ba a raba hanta da jini bai faɗi ƙarya ba. Ta hanya biyu jinin ke shigar ta. Ƙaramin kaso yana zuwa ne daga zuciya ɗauke da iska. Babban kason kuwa, kusan kashi uku cikin huɗu, wata ƙatuwar jijiya ce ke tattaro shi daga ciki da hanji da saifa ta kawo mata kai tsaye. Wannan tsarin shi nake so ku riƙe, domin duk sauran maganata a kansa ta ginu. Kusan duk abin da ya wuce maƙogwaronku hanji ya tsotse shi, tuwo ne ko ƙwaya ko jiƙo, sai ya biya ta hanta kafin ya isa ƙwaƙwalwa ko ƙafa. Ba ta da zaɓi. Abin da kuka aiko shi za ta karɓa.

Likitocin dauri sun lura da wannan jijiya. Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, ya koyar da cewa hanta ce ke dafa abinci ta mayar da shi jini, Ibn Sina ma ya tafi a kan haka, kuma fiye da shekara dubu ana karantar da wannan. Yau mun san ɓargo ne ke ƙera jinin baligi. Sai dai ba su yi nisa da gaskiya sosai ba, domin a wasu watannin da ɗan tayi yake cikin mahaifa, hantarsa ce ke yi masa jini.

Aikinta da kuka fi mora ba ku sani ba shi ne na sukari, kuma a watan azumi ne ya fi fitowa fili. Duk jinin jikin mutum, sukarin da ke yawo a cikinsa a lokaci guda bai wuce cikin cokalin shayi ba, giram 4 zuwa 5. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan giram 120 a yini, kuma ba ta iya ajiya, ba ta iya jira. In sukarin ya faɗi ƙasa sosai, cikin mintuna mutum zai fara gumi da karkarwa, ya rikice, ya suma. To yaya aka yi mai azumi ke cin sahur kafin asuba, ya yini a kasuwa ko a gona, ya kai magariba da hankalinsa? Hanta ce rumbun gidan. Da kun ci sahur sukari ya cika jijiyar nan, sai ta kwashe rarar ta dunƙule ta ta zama wani abu da ake kira gilaikojin, ta ajiye kimanin giram 100. Hantsi ya yi, azahar ta yi, tana ɗebowa kaɗan-kaɗan tana zubawa a jini daidai buƙata. Can wajen la'asar sakaliya ajiyar ta yi ƙasa, sai ta ƙara himma wajen ƙera sabon sukari daga abubuwan da ba sukari ba, ta kuma fara narka kitse ta mayar da shi makamashin da ƙwaƙwalwa za ta iya amfani da shi in yunwa ta yi tsawo. Kowane dare ma haka take yi muku kuna barci. Wani Bafaranshe mai suna Claude Bernard ne ya fara gano wannan a Faris. A 1848 ya tarar da sukari a hantar karnukan da nama zalla ake ba su, a 1857 kuma ya ware gilaikojin ɗin kansa. Wannan aikin ajiyar sukarin ne ya sa wanda hantarsa ta lalace sosai, likita kan ce masa ya ajiye azumi, kuma ya kamata a saurari likitan.

Sauran ayyukan suna da yawa, masana kan ce sun kai ɗaruruwa, ba zan jero su ba. Tana ajiye sinadarin ƙarfe da bitamin A, da kuma bitamin B12 wanda zai ishi mutum shekaru. Tana da wasu ƙwayoyin halitta a bangon magudananta da ke cafke ƙwayoyin cutar da suka tsallako daga hanji. Amma akwai guda uku da nake so ku sani, saboda ranar da suka tsaya, a garuruwanmu sunan wani abu daban ake ba su.

Hanta ce ke ƙera albumin, sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. In ya yi ƙaranci, ga shi kuma hantar ta yi tauri jini ba ya wucewa da sauƙi, sai ruwa ya tsiyaye ya taru. Ƙafafu su kumbura, ciki ya yi tulu har cibiya ta fito, alhali fuska da hannuwa sun rame. A unguwa sai a fara raɗa, an yi masa sammu, an ba shi wani abu ya ci. Ita ce kuma ke ƙera yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, don haka mai ciwon hanta dasashinsa kan yi ta zubar da jini, haɓo ya ƙi tsayawa, wani lokaci jijiyoyin maƙoshi su kumbura su fashe ya yi aman jini. Na ukun ya fi ban tausayi. Idan jiki ya sarrafa nama ko wake, akwai wata guba da ke fita, amoniya, hanta ce ke juya ta ta zama abin da ƙoda za ta fitar a fitsari. In ta kasa, gubar ta hau kai. Mutum ya koma barci da rana ido biyu da dare, ya manta sunan 'ya'yansa, ya yi ta sambatu, in ya miƙa hannu ka ga yana kaɗawa. Sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta turare da hayaƙi, ana ɓata kwanakin da asibiti ke da abin yi a cikinsu.

Sai maganar shawara. Ruwan nan mai ɗaci da ke cikin madaciya, hanta ce ke yin sa, fiye da rabin lita a yini, madaciya ajiya kawai take yi ta matso shi cikin hanji in an ci abu mai maiƙo, don ya taimaka a narka kitsen. A cikinsa kuma hanta ke zubar da shara. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, in an farfasa su sai wani launi rawaya ya fito, bilirubin. Hanta ta kama shi ta tura shi hanji, kuma shi ne ke ba bayan gida launinsa. Idan ido ya yi rawaya, ɗayan uku ne. Ko jini na fashewa da yawa har hanta ta kasa kwashewa, yadda ake gani a masu sikila da mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ko hantar ce kanta ta kumbura. Ko kuma hanyar ruwan ce ta toshe, da tsakuwa ko da ƙari, a nan fitsari kan yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Kun ga ke nan shawara alama ce, cututtukan da ke bayanta daban-daban ne, kuma ba yadda za a yi saiwa guda ta warkar da su duka. Ku 'yan mata da za ku zama iyaye, ku ƙara da wannan. Fiye da rabin jarirai kan yi ɗan rawaya a kwanakin farko saboda hantarsu ba ta gama ƙwari ba, yawanci kuma yakan wuce. Amma in ya bayyana tun ranar haihuwa, ko ya sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ko jaririn ya ƙi kama nono, a tafi asibiti a ranar, akwai shuɗiyar fitilar da ake sa su a ƙarƙashinta, domin launin nan in ya yi yawa yana lalata ƙwaƙwalwa har abada. A kuma raba kayan jariri da ƙwallon kafur ɗin da ake sawa a akwati, yana fasa jinin wasu jariran.

Yanzu mu zo kan abin da kuke haɗiya, inda na fi jin tsoro a kanku. Yawancin magungunan da mutum ke sha, hanta ce ke sarrafa su. Ɗauki farasitamol, wanda kowane gida ke da shi. Magani ne mai kyau in an tsaya a ƙa'ida. Hanta na sarrafa mafi yawansa lafiya lau, amma ɗan kaɗan daga ciki yakan rikiɗe ya zama guba, ita kuma tana da wani sinadari a ajiye da take kashe gubar da shi. In aka sha fiye da kima, ajiyar ta ƙare, gubar ta shiga cin naman hantar. Iyakar babban mutum lafiyayye giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe, biyu-biyu. Siririn mutum, da mai shan giya, da mai ciwon hanta, nasu bai kai haka ba. Mugun halin wannan gubar shi ne ranar farko mutum bai jin komai sai ɗan tashin zuciya, sai a kwana na uku ido ya yi rawaya, hankali ya gushe. Akwai maganin karya ta, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. A Ingila da Amurka, farasitamol ne kan gaba wajen haddasa mutuwar hanta farat ɗaya.

Ba wanda ke zama ya ƙirga ƙwaya 20 don ciwon kai, na sani. Ga yadda abin ke faruwa a wurinmu. Saurayi ya dawo daga aiki jiki na ciwo, ya tsaya a kemis ya ce a yi masa haɗi. A zuba masa ƙwayoyi biyar ko shida a 'yar farar leda, fara da ja da mai ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna. Ya watsa su baki ɗaya. Da dare mura ta taso ya sha maganin mura, wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Da asuba haƙori ya motsa ya ƙara Panadol biyu. Kwana uku a haka ya wuce iyaka bai sani ba. Ba raini ba ne ka tambayi mai kemis sunan kowace ƙwaya da ya ba ka, ka ce ya nuna maka kwalin. In ya ji haushi, canza kemis.

Maganin gargajiya kuwa, ba na cikin masu yi masa kuɗin goro. Magunguna da yawa na asibiti daga itatuwa aka samo su. Abin da nake ƙi shi ne wanda ba a san abin da ke ciki ba, ba a san adadinsa ba. Kun san motar nan da ke tsayawa a bakin tasha da lasifika a kai, an jera jarkoki da robobin ruwa da aka sake cikawa da wani baƙin jiƙo, mai shela na cewa kofi ɗaya na maganin basir da shawara da sanyi da taifot da raunin mazakuta. Shi kansa bai auna ba. Na yau ya fi na jiya kauri ko bai kai ba, ya danganta da yadda aka tafasa. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan haɗe-haɗen, musamman na ƙarfin maza, an zuba musu ƙwayoyin asibiti a ɓoye. Haka maganin ƙiba da 'yan mata ke sha don a cika ido kafin biki, da allurai da ƙwayoyin da samari masu ɗaga ƙarfe ke nema don ƙwanji ya fito. Duk ta wuri guda suke bi. Wanda kuma ya ce zai sayar muku da maganin wanke hanta, ku riƙe kuɗinku. Hanta ba ta tara dauɗar da ake wankewa da shayi. Abin da take so a rage mata kaya.

Giya ba sai na daɗe a kanta ba, hukuncinta ga Musulmi sananne ne, illarta ga hantar kowa ma sananniya ce, ko ta kwalba ce ko 'yar leda. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne wanda bai taɓa kurɓar giya ba ma kitse na iya lulluɓe masa hanta, ta hanyar teɓa da zama wuri guda da lemon kwalba safe da yamma. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na manyan mutanen duniya na ɗauke da wannan a yau. Sa'ar da aka yi, a farkonsa rage ƙiba da tafiyar ƙafa na mayar da shi baya.

Allah Ya yi wa hanta wata baiwa da zuciya da ƙoda ba su samu ba, tana tsirowa. Tun 1931 masu bincike a Amurka suka nuna cewa in an yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, cikin kwanaki kaɗan ragowar kan girma ta cike gurbin. A mutum ma haka ne, sai dai ya fi ɗaukar lokaci, shi ya sa mai rai ke iya ba ɗan'uwansa wani yanki na tasa. Likita Thomas Starzl ne ya fara dashen hanta da ya yi nasara, a 1967 a birnin Denba, amma har gobe aiki ne na miliyoyi, masu hali daga cikinmu sai sun tafi Indiya ko Masar. Kada wannan baiwar ta ruɗe ku. Hanta na farfaɗowa daga rauni guda. Raunin da ake maimaitawa kullum shekara da shekaru kuwa tabo yake bari, tabon ya yi ta yaɗuwa har ta ƙanƙance ta yi tauri da ƙuraje-ƙuraje, daga nan kuma komawa baya sai an yi da gaske. Ga shi naman cikinta ba ya jin zafi, tantanin da ya lulluɓe ta ne kawai ke ji in an miƙe shi. Haƙori ɗaya zai hana ka barci, amma rabin hanta zai iya tafiya kana buga ƙwallo kowace yamma. Ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikinta take fara sauka, ta yi kusan mako tana hayayyafa, mutum bai ji ko ɗumi ba.

Akwai wata guba da ke zuwa ta abincin da muka fi so. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko an ajiye su a wuri mai laima, tana fitar da wani abu da ake kira afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Amma yawanci ba haka take kisa ba, kaɗan-kaɗan take taruwa tana shirya wa hanta ciwon daji. Suya da tafasa ba sa kawar da ita. Kun san kuma al'adar da ake yi, a tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, motsattsiya da baƙa a bar wa gida, a yi ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunu. Wannan ciniki ne na asara. Gyaɗar da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita. Ku 'ya'yan manoma, ku shanya amfani a kan tamfol ba a ƙasa tsirara ba, a tabbatar ya bushe ƙarau kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhunan kan katako nesa da bango. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona makonni kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar ƙwarai.

Na ajiye babbar magana a ƙarshe, ciwon hanta nau'in B. Sauran nau'o'in zan taɓa su a gurguje. A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke zuwa, yawanci su wuce da kansu, sai dai E na da haɗari ga mai ciki, kamar yadda aka gani a ɓarkewar da ta faru a Diffa a 2017. C ta jini yake bi, kuma yanzu ana warkar da shi sarai da ƙwayoyin mako 12, ƙasar Masar ma ta gwada mutanenta sama da miliyan 50 daga 2018 ta kusa kawar da shi. B ne namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, ya kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar, kuma kashi 13 cikin 100 ne kawai na masu shi suka san suna da shi. A Nijeriya babban binciken da aka yi a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 da cutar, wato kusan mutum ɗaya a kowane 12. Ku ƙirga sahu ɗaya a masallacin unguwarku.

Ta jini da ruwan saduwa ƙwayar ke bi, kuma tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jinin da ke kan aska. Don haka ku dubi rezar da ake karɓa-karɓa a ɗakin kwanan ɗalibai, da askar wanzami wajen aski da ƙaho da kaciya da cire beli, da almakashin mai yankan farce da ke yawo kasuwa, da allurar huda kunne, da sirinjin da aka maimaita, da buroshin haƙori. Sayen rezarka da kilifarka ba girman kai ba ne. Amma ga abin da nake so ya zauna muku, don ya rage zalunci. A ƙasashenmu, yawancin masu ɗauke da cutar tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, daga uwa wajen haihuwa ko daga wasu yaran ta ƙuraje da raunuka. Babban da ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu kan kore ta da kansa. Jaririn da ya kamu kuwa, kusan 9 cikin 10 za su zauna da ita har girma. Saboda haka in an gwada budurwa ko saurayi aka samu, ba shaidar lalata ba ce, kuma wanda ya yi musu wannan zargi ya ɗauki alhaki. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko gumi, ko cizon sauro. Ware wa mutum kofi da cokali jahilci ne mai cin rai.

Cutar kan yi shekara 20 ko 30 shiru, sannan ta fito da taurin hanta ko ciwon daji, sau da yawa ga magidanci ɗan shekara 35 ko 45, daidai lokacin da yara ke makaranta. In ta haɗu da gubar gyaɗar nan, haɗarin dajin kan ninka sau da dama. Abin takaicin shi ne kayan yaƙin suna nan tun tuni. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a jini a tsakiyar shekarun 1960, ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Allurar rigakafi ta fito tun farkon shekarun 1980. A Gambiya aka fara babban gwajin yi wa jarirai ita a 1986, aka kuma ga yadda ta rage cutar ƙwarai a cikin waɗanda aka yi wa. Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004. Duk wanda aka haifa kafin nan, da wanda aka haifa bayan nan amma ba a kai shi ba ko ba a kammala masa ba, ya ɗauka ba shi da kariya.

Gwajin ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, minti 20 an gama. In babu, a yi allura uku, yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farko. In akwai, kada a ruɗe, kada kuma a nufi mai lasifika. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a je wurin likita a gaya masa duk abin da ake sha har da jiƙe-jiƙe, zai duba yawan ƙwayar a jini da lafiyar hantar, ya yi sikanin. Ba kowa ne ke buƙatar magani nan take ba, wasu sa ido kawai ake yi duk wata shida ko shekara. Wanda ke buƙata akwai tenofobir, ƙwaya ɗaya a yini, ba ya kashe cutar gaba ɗaya amma yana danne ta, ya rage haɗarin taurin hanta da daji sosai. Sharaɗinsa kada a daina don an ji sauƙi ko don wani ya ce ya warkar da kai, domin dainawa kwatsam na iya tayar da ita da ƙarfi. A gwada 'yan ɗaki ɗaya da iyaye ma, tunda inda aka samu ɗaya akan samu wasu. Jihar Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwaji kafin aure, har da na ciwon hanta, kuma na ga amfaninta, muddin ba a mayar da takardar sakamakon wuƙar yanka baiko ba. In ɗaya na da cutar ɗayan ba shi da ita, a yi wa marar ita allura a kammala, likita ya tabbatar allurar ta kama, aure ya yiwu.

Ke kuma da kika samu ciki, ki nemi a yi miki wannan gwajin a wurin awo ko ba a ambata ba. In kina da ƙwayar da yawa a jini, akwai maganin da za a ba ki a watannin ƙarshe don kare abin da ke cikinki, kuma za ki shayar da nononki ba fargaba. Kowane jariri, ko uwarsa na da cutar ko ba ta da ita, ana so a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran su biyo baya a mako na 6 da na 10 da na 14. A nan al'adarmu ke karo da agogo, domin da yawa a gida ake haihuwa, mai jego ba ta fita, jariri ma ba a so a fitar da shi sai an yi suna, kwana bakwai ke nan, lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce. Wannan aikin angon ƙarni ne. Tun cikin na wata takwas ka je asibitin unguwarku ka tambayi ma'aikaciyar rigakafi ko suna da allurar a firji, da inda za ka same ta in haihuwar ta faɗo daren Juma'a ko ranar Lahadi. Ka sanar da mahaifiyarka da ungozoma tun da wuri, don kada ranar ta zo a tsaya gardama a bakin ƙofa. In an sauka lafiya, kafin ka fara zagayen rabon goro, a naɗe jaririn a zani, kakarsa ko gwaggonsa ta rungume shi, ka nemo abin hawa ku tafi.